Falle na Biyun Yaya Luba

Bari in fara da gyara, don na gaji. Yaya Luba ba zinariya take dafawa ba. Ba ta gano maganin ciwon gwiwa ba, ba ta kuma shiga aikin asiri da Turawa ba. Ni ma ban je neman miji ba, ban ga zaki a bakin titi ba, kuma Afirka ta Kudu ba Turai ba ce, Hadiza, sunan kaɗai ya isa ya gaya miki. Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a wurin niƙa a tare ni, ran nan a cikin keke wata da ban taɓa gani ba ta juyo ta ce, "Ke ak Kulu wadda tat tahi waje?" To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata zan tura mata wannan ta karanta da kanta.

Yaya Luba ita ce babba a ɗakinmu. Tana koyarwa a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi, aka ba ta hutun ƙaro karatu, ta tafi neman digirin dakta da goyon 'yarta Walida. Mijinta Malam Nasiru ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune unguwar Gesse a Birnin Kebbi, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, kuma shi da bakinsa ya ce ta tafi. Amma shekarun da aka yi alkawari suka cika har suka gota, mahaifiyarsa ta fara aike Argungu wurin Babanmu. Aiken farko gaisuwa ce. Daga baya gaisuwar ta zo da tambaya. Rannan sai ga dattawa biyu da carbi, suka zauna a zaure har la'asar ta yi sanyi. Aka rabu a kan cewa maganar Baba ita ce ta ƙarshe: in ya ce Luba ta dawo, ta dawo, ko da digiri ko babu.

Baba manomin shinkafa ne, ba ya yanke hukunci a kan gonar da bai taka ba. Jirgi kuwa ya ce sai dai na Makka. Sai ya kira ni.

"Kulu, ke za ki tahi."

"Ni, Baba?"

"Ba don hankalinki ba, ba ki da shi da yawa. Don bakinki. Tun kina ƙarama ba ki iya ruhwa ma kowa asiri. Ki tahi ki dubo min abin da yayakki takai. In aiki na, ki ce aiki na. In shiririta ta, ta kwaso ɗiyatta ta dawo ɗakinta."

Maganar fasfo da biza ba zan ba ku ba, in na fara sai na zagi wani.

Na so in tashi daga filin jirgin Ambursa kamar 'yar gata. Malam Nasiru ya ce mota ta fi lada. Shi ya kai ni tashar Birnin Kebbi da sassafe, da akwati ɗaya nawa da buhu ɗaya na Inna: busasshen kifi, daddawa, kuka, kilishi, man shanu a galan. Ya tsaya jikin tagar motar yana ta juya makullin mashin ɗinsa, ya ce, "Kulu, ki ce mata..." Na ce, "In ce mata mi?" Ya ce, "Ki ce muna lahiya." Namiji ke nan.

Kusa da ni Madam Ngozi ta zauna, mai sayar da kwanuka da robobi a babbar kasuwa. Hausarta ta fi ta wasu da na sani, har da "awo" ɗinta in za ta ce eh. Kafin mu kai Jega ta san tarihin gidanmu kaf.

"Yayar taki mi take karantawa?"

"Shi za ni in gano."

"Awo. Nawa ɗan ma yana karanta wani abu, ya gaya min sunan ya fi a ƙirga. Ni dai garin kwaki nake aika mishi." Ta ja hanci. "Ƙanwata, kifin nan naki ya kashe turarena. Direba, ka tausaya ma al'umma, a mai da buhun ga but."

Bayan Yawuri taya ta fashe. Direba ya fito da safaya, muka ga ta fi wadda ta fashe shan wuya. Muka zauna gindin darbejiya, Madam Ngozi ta raba mana ƙosai tana karanta wa direban tarihin kakanninsa, shi kuma yana cewa, "Madam, Allah ya ba ki haƙuri, ko ya ba mu." Mun shiga Abuja ƙafata ta kumbura kamar an zuba mata yis.

Jirgin sama motar haya ce da ba a buɗe mata taga. Wani mai kwat ya yi barci a kafaɗata, na tashe shi da gwiwar hannu. A Habasha aka sake mana jirgi, na yi gudun da rabona da shi tun ranar wasannin makaranta.

A Johannesburg matar da ke buga hatimi ta tambaye ni me na zo yi. Na ce na zo duba aikin yayata. Ta ce ni ma malamar jami'a ce? Na ce a'a, Baba ya aiko ni. Ta dube ni, ta buga. Na ce shi ke nan na haye. Ashe da sauran kare. Ɗan guntu ne mai dogayen kunnuwa, an sa mishi rigar aiki. Ya bi jakunkunan mutane yana sunsuna kamar mai taya kaya, da ya iso buhun Inna sai ya zauna ya harɗe. Mai karen ya kwance bakin buhu, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya taku biyu. Kifi ya tafi, kilishi ya tafi, man shanu ya tafi. Doka ce, in ji shi, ba a shigo da nama da kayan madara haka nan. Kuka kaɗai ta tsira, ita ma sai da na kwatanta mishi miya da hannu. Kifin da Inna ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya a bakin gulbi. Karen kuwa a gabana aka ba shi biskit. Ya kai ƙarata kuma aka yi mishi tukuici.

Da na fito sai da na wuce Yaya Luba ban gane ta ba. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, tana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi kamar an naɗe ta a katifa. Walida ta leƙo daga bayanta, ta tambayi uwarta da Turanci wace ce wannan. Na ce, "Uwakki ce ƙarama, 'yar nema." Ta fashe da kuka.

A mota ban ɓata lokaci ba. "Yaya, Baba leƙen asiri ya aiko ni."

"Na sani. Da zumunci na, da Inna anka aiko."

Masaukinta ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a bayan gidan wata tsohuwar Baturiya. Katanga da wayar lantarki a sama, ƙofa da lamba, maƙwabci ba ka san fuskarsa ba. Na gaida wani da safe ta saman shinge, na tambaye shi iyali, ya dube ni kamar zan karɓe mishi gida. Tsohuwar tana da kare ita ma, mai bargo nasa na kansa da likita nasa na kansa. Lokacin nan damina ake a gida, can kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi, ga gidajen ba a gina su don sanyi ba. Alwalar asuba sai da na riƙa yi wa kaina wa'azi.

Tuwonsu na masara ne, fari tas, suna ce mishi pap. Ba laifi, sai dai maraya ne, ba shi da miya. Wake da tumatir da yaji suke ɗora mishi. Ranar da na kaɗa kukar nan Yaya Luba ta ci tana share hawaye tana cewa yaji ne, alhali ban sa yaji ba. Nama wurin wasu 'yan Somaliya muke saye saboda yanka. In za su gasa nama a ƙasar nan, maza ne ke kewaye wuta su riƙe hantsaki kowa yana ba da shawara, mata su yi duk sauran aikin, a ƙarshe a yaba wa maza. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Wuta ma suna ɗaukewa. Bambancin kawai su da alkawari suke yi: a aiko maka a waya cewa za a ɗauke lokaci kaza, kuma a cika. Ban san wanne ya fi ciwo ba, wanda ya mare ka ba zato ko wanda ya aiko tun jiya cewa gobe zai mare ka.

Motar haya kuwa da yatsu ake magana da ita. Kowace unguwa da alamarta. Ba wanda ya gaya min. Ranar farko da zan je ɗauko Walida daga gidan raino na ɗaga yatsa ɗaya sama yadda nake tsayar da keke a gida, bas ta tsaya, na shiga. Ashe na ce cikin gari za ni. Na tsinci kaina tsakiyar kasuwa, yarinya tana can gefe guda tana jira. Wata dattijuwa mai sayar da lemu ta ja ni gefe ta koya min yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana dariya har da riƙe ciki. Da na isa, Walida ita kaɗai ta rage, tana zaune da jakarta a baya. Mai rainon ta ce ba komai, ta saba, uwarta ma kullum ita ce ta ƙarshe. Wannan maganar ta tsaya min.

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya.

Shugaban Yaya Luba, wani farfesa mai gemu kamar tsintsiyar laushi, ya yarda in riƙa shiga ɗakin gwajinsu in na sa farar riga da tabarau, kuma in riƙe hannuwana a baya. Na shiga ina tsammanin in ga abin mamaki. Abin da na gani tanderu ne na lantarki, dogo kamar akwatin gawa, da bututun gilashi ya ratsa cikinsa, da tukwanen gas jere a bango an ɗaure su da sarƙa. Yaya Luba ta sa safar hannu, ta ɗauko wani ɗan falle na jan ƙarfe, irin na cikin wayar wuta amma an daddale shi kamar takarda, bai fi katin waya ba. Ta tura shi cikin bututu, ta rufe, ta kunna. Muka zauna. Muka yi ta zama. Da aka gama ya huce ta zaro shi da hantsaki kamar jariri. Jan ƙarfe ya shiga, jan ƙarfe ya fito.

Na ce, "Ina abin?"

"Yana kai."

"Yaya, ni Kulu ce. Ba Malam Nasiru ba."

Ta yi dariya, ta zaunar da ni. Ga abin da na gane, kuma sai da na sa ta maimaita har ta fara cizon leɓe.

Abin sunansa girafin. Kabon ne, wato abin da ke cikin gawayi da bakin fensir, amma an shimfiɗa shi falle ɗaya tak, kaurin ƙwayar zarra guda, ƙwayoyin sun riƙe juna kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganinsa a kan ƙarfen. Yadda ake yinsa: a gasa jan ƙarfen ya kai wajen digiri dubu, saura kaɗan ya narke, sai a saki wata iska mai kabon a cikinta. Iskar nan, in ji ta, ita ce mai tasowa daga ruɓaɓɓiyar laka a fadamar shinkafa, sai dai tasu a tukunya take kuma an tace ta. Da ta taɓa ƙarfen mai zafi sai ya farfasa ta, kabon ya zauna a kai, ya yi ta yawo har ya gamu da ɗan'uwansa su kama hannu. A fara da 'yan tsibirai nan da can, su yi ta faɗi har su haɗe su rufe ƙarfen ruf. Da ya rufu aiki ya tsaya da kansa, don ƙarfen ne mai fasa iskar, kuma an lulluɓe shi.

"To ba shi ke nan ba? Ki tattara mu tahi gida."

"Wannan falle ɗaya na. Kowa na yin shi. Ni biyu nika nema."

"Ki yi ɗaya, ki ƙara ɗaya bisa."

Nan ta dube ni irin kallon da take min tun ina yarinya in na zuba gishiri a kunu. Ashe na biyun ba a sama yake fitowa ba. A ƙasa yake tsira, tsakanin ƙarfen da fallen farko. Sama ba ƙarfe, ba mai fasa iska. Dole kabon ya lallaɓa ta gefen tsibirin farko ya kutsa ƙarƙashi, tun ba a haɗe an rufe ba. Da na farko ya rufe, ƙofa ta kulle, na biyu ya tsaya inda ya kai. Kuma na farkon kullum ya fi sauri. Kamar a ce ki sa wa mutum singileti bayan ya riga ya sa riga, ba tare da ya tuɓe ba, kuma yana ta ɓalla maɓallai.

Dabarun da ake yi, in ji ta, duk na zagaye ne. Wasu su ƙara wata iskar da ke hana gefen fallen farko mannewa da ƙarfe, ƙofar ta daɗe a buɗe. Wasu su naɗe ƙarfen kamar ambulan don kabon ya ratso ta bayansa. Ita kuwa wani farin ƙarfe take garwayawa kaɗan a cikin jan, nikel, wanda in ya yi zafi yake shanye kabon, in yana hucewa ya amayo shi daga ciki, daidai ƙarƙashin fallen farko. In ya yi yawa ya amayo falle huɗu ko biyar a wuri ɗaya kamar tabon ƙonuwa. In ya yi kaɗan ba ya amayo komai. In an huce da sauri wani abu daban, in an huce a hankali wani daban. Bayan duk wannan kuma sai fallayen biyu sun zauna a kan juna daidai yadda ake so. In ɗaya ya ɗan karkace, halinsu ya canza.

"Duk don mi?"

"Falle ɗaya yana wuce da lantarki kamar famfon da ba shi da makulli. Biyu in sun zauna daidai, ana iya kashewa a kunna. Abin da ake iya kashewa a kunna shi aka gina waya da kwamfuta da shi."

"To wayar wa anka yi da naki?"

"Ta ba kowa."

Aƙalla ba ta yi min ƙarya ba.

Don a gan shi sai an narkar da ƙarfen a wani ruwa, fallen ya taso yana yawo a sama kamar yanar kunu da ba a gani, a kwaso shi a kan wani ɗan dutse mai sheƙi, a sa a madubin ƙara girma. Nan na gan shi a allon kwamfuta: shuɗi-shuɗi mai haske, da tabo-tabo masu duhu masu kusurwa shida. Masu duhun su ne falle biyu. Sun watsu nan da can kamar ƙyasfi a wuya. Ita so take duhun ya rufe ko'ina.

Mutanen ɗakin nan sai a hankali. In aiki ya lalace farfesa ya shafa gemu ya ce abin sha'awa ne. Rannan wuta ta tafi tsakiyar gashi, janareta bai ɗauka da wuri ba, aikin yini guda ya tashi a banza, ya ce abin sha'awa ne. A Argungu in tuwo ya ƙone ba wanda ke sha'awa. Akwai Mama Thandi, mai kula da tukwanen gas da na'urori, ita kaɗai ke magana kamar mutum. Ta ce min, "Yayarki ba ta cin abinci. Ke me kika zo yi in ba ki sa ta ci ba?" Daga ranar na fara kai kula ɗakin gwaji. An hana ci a ciki, sai in tsaya bakin ƙofa in yi ta ƙwanƙwasa gilashi har ta fito.

Na kuma karɓe Walida gaba ɗaya, kaiwa da ɗaukowa da wanka da faɗa. Sai ga Yaya Luba tana iya barin tanderu ya huce a hankali yadda take so, maimakon ta katse shi ta ruga gidan raino. Ban yi don kimiyya ba. Na gaji ne da ganin yarinya da jaka a baya ita kaɗai.

Ana saura kaɗan in taho, wata safiya ta kira ni gaban allo. Duhun ya rufe kusan ko'ina, sai 'yan ramuka. Farfesa ya zo ya duba, wannan karon bai ce abin sha'awa ba ne, ya dai zauna. Aka sayo kek. Manya da digiri suna tafi saboda tabo ya yi faɗi.

Na ce, "Alhamdu lillahi. An gama?"

"A'a. Sai na maimaita ya sake fitowa haka, ba sau ɗaya ba. Kuma wani gefen ya karkace. Sannan in rubuta."

"Har yaushe?"

"Watanni. In ba a kira ni gida ba."

Ranar tahowata ta ɗauko rabin ƙarfen nan da ba ta narkar ba, ta sa a wani ɗan akwatin roba mai haske, ta liƙe. Ta ce in kai wa Baba hannu da hannu, kada kowa ya buɗe, kada yatsa ya taɓa. Ta ce, "Ki hwaɗa mishi abin da kig gani. Kada ki ƙara min komi."

Na iso Argungu da azahar, Baba yana fadama. Gida ya cika kafin in cire takalmi. Na ajiye akwatina a ɗakin Inna, na ce kada a taɓa ɗan akwatin robar nan, na Baba ne, ya fi duk kayan daraja. Kuskurena ke nan, da na ce ya fi daraja. Na shiga wanka.

Kun san Gwaggo Ige, ƙanwar Baba. Ba a taɓa buɗe tsaraba a gidanmu ba ita ta raba ba, kuma a wurinta tsarabar da ba ta zaga unguwa ba abin kunya ce ga zuri'a. Ta raba alewa, ta raba sabulai, ta raba 'yan kunne. Da ta zo kan akwatin roba ta ce abin da ya fi daraja ai shi ya fi cancanta kowa ya samu albarka. Ta aika aka karɓo almakashin tela. Na fito da ɗaurin ƙirji na same ta tana miƙa wa matar liman nata rabon a tafin hannu, ɗan mitsitsi kamar ƙumba.

"Gwaggo! Mi kinka yi?"

"Mi niy yi? Na hid da ku kunya. Ga na ubanki nan na aje mishi babba."

Babban nasa ta riga ta goge shi da bakin zane don ya yi ƙyalli.

Kafin magariba labari ya gama gari. Wata ta ɗinke nata a laya ta rataya wa jikanta. Wata ta jiƙa a ruwa ta sha saboda gwiwa, har ta aiko cewa ta ji sauƙi. Wani kuma mai wayo ya kai nasa wurin maƙerin zobba, maƙeri ya karce ya ƙona ya ce jan ƙarfe ne zalla, irinsa yake zubarwa. Wannan hukuncin ya riga ni isa wurin Baba, ya kuma isa Gesse.

Washegari dattawan nan biyu suka dawo, har da Malam Nasiru a bayansu kamar wanda aka kamo. Aka kira ni zaure. Baba yana riƙe da guntun nasa, yana juya shi a haske.

"Kulu, maƙeri ya ce jan ƙarhe na."

"Gaskiya tai, Baba. Abin yana bisa, kuma Gwaggo ta goge shi."

Ɗaya dattijon ya yi tari. "Abin da ba a gani, an kuma goge shi."

"Ke kin gan shi da idonki?" in ji Baba.

"A allo na gani. Da ido tsirara ba a ganinai."

"Zai yi amfani?"

"Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba, na tambaye ta."

Malam Nasiru ya sunkuyar da kai. Na ga dattawan sun fara gyara zama irin na waɗanda suka ci shari'a, sai raina ya ɓaci.

"Amma ba wannan kac ce in dubo ba, Baba. Ka ce in duba aiki na ko shiririta. Aiki na. Na iske shi tabo-tabo, na baro shi ya kusa ruhewa, a gabana. Ta san abin da takai, in ya ɓaci ta san dalili. Ta rame ta ƙare. Abin da ya hana ta gamawa ba wasa na ba, yarinya ta: kullum sai ta katse aiki ta ruga ɗaukar Walida. In kunka kira ta yanzu, kun cire shinkahwa tana cikin yin ciki."

Baba ya ce, "Ban tambaye ki shinkahwa ba."

Dattijo na biyu ya ajiye carbinsa. Ya ce su fa ba ƙarfe ya dame su ba. Hajiya, mahaifiyar Malam Nasiru, jikarta take kuka. An ce yarinya ba ta jin Hausa, tana yini hannun waɗanda ba a san addininsu ba. Ya juyo gare ni. "Ƙarya ta?" Na ce ba ƙarya ba ne. Na so in ce ƙarya ne, bakin ya ƙi.

Baba ya ajiye guntun ƙarfen. Sannan ya ce ya ba Luba zuwa girbin shinkafar rani. Amma da sharaɗi: Walida ba ta ƙara yini hannun baƙi. Ko wani na jininta ya je ya zauna da ita, ko uwarta ta dawo da ita yanzu. Ya dubi zauren. Malam Nasiru ya ce ofis ba za su sake shi ba. Dattawa suka dubi rufin ɗaki. Inna daga bayan ƙofa ta ce ita da sanyin nan sai dai gawarta.

Ina can wurin Yaya Luba sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatu a poli. Takardar tana ƙarƙashin matashina, an ce in je rajista wata mai kamawa. Sau biyu na rubuta jarrabawar nan kafin in samu, kuma duk wanda ke zauren ya sani, shi ya sa ba wanda ya dube ni.

Na ce, "Ni za ni koma."

Baba ya ce, "Karatun naki fa?"

Na ce zan je in roƙi a ajiye min gurbina zuwa baɗi. In sun ajiye, to. In ba su ajiye ba in sake rubutawa, hanyar ɗakin jarrabawar ba baƙuwata ba ce. Ba son ƙasar nake ba, ba na son sanyinta, kuma har yau ban tabbata abin nan zai zama wayar kowa ba. Amma ba zan zauna a aji ina kwafar allo ba alhali na san da bakina aka kwaso Yaya Luba saura ƙiris.

Jibi zan shiga Birnin Kebbi in ga magatakardan makarantar, daga nan in wuce neman biza. Wadda take ganin na yi wauta ta riƙe ra'ayinta, ban tambaya ba.